Takamba a Tsakiyar Titi

Asabar, Gao, arewacin Mali.

Albasa ta shiga hannun dillali tun da hantsi, kuɗi kuwa sai "gobe in Allah Ya kai mu". Ban ce uffan ba.

Bayan la'asar mai masaukina ya ce in sa riga mu leƙa bikin 'yar maƙwabcinsa. Sun tare titi da tabarmi, har masu babur sai sun kewaya. Makaɗa biyu ne kawai: mai molo mai tsirkiya uku da aka jona wa tsohuwar lasifika, da mai ƙwarya a kife kan yashi, yana dukanta da tafin hannu, zobban yatsunsa na ƙas-ƙas. Takamba ba rawar tsalle ba ce. Namiji da babbar riga da rawani, mace da lafaya, suna fuskantar juna ba mai taɓa wani. Kafaɗa da wuyan hannu ne ke aiki, a hankali, kamar ba a son ƙura ta tashi. Wata tsohuwa ma a zaune ta yi tata, ta kuma fi kowa samun liƙi.

Na ce, "Baba, wannan ce aka hana?"

Ya ce, "Ita fa, ɗana. Har waƙar da ke cikin waya sai ka goge."

A 2012 ne 'yan MUJAO, wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, suka riƙe garin nan. A watan Agusta suka haramta kiɗa, Dandalin 'Yanci suka mayar da shi "Dandalin Shari'a", a nan suka riƙa yanke wa mutane hannu. Makaɗa da yawa suka gudu Bamako da Yamai. Sai a Janairun 2013 sojojin Faransa da na Mali suka kore su, na Nijar da Chadi suka biyo baya.

Abin da ke ba ni haushi, wai Gao za a koya wa Musulunci. Garin da kushewar Askiya Muhammadu take tun 1495, sarkin da ya je Makka ya dawo! Su waɗannan masu rawar, da ladan ya kira magariba, mai ƙwarya ne ya fara miƙewa neman buta.

Ba a koma fili bayan salla ba. Baba ya ce yanzu ba a kai dare da taro, don mutanen suna nan a daji, hanyar Ansongo ma sai da addu'a. Ita zan bi ranar Litinin, in dillali ya cika alkawari.