Tsuke Bakin Aljihu Ba Tare da Yanke Zumunci Ba

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin magidanta masu cin albashi a Kano ya dagule. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi, kwanon shinkafa da na masara suka bi bayansa, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a tarayya, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000, amma duk mai riƙe da gida ya san kasuwa ta riga ta cinye ƙarin tun kafin ya shigo hannu. A cikin wannan hali ne ni da maiɗakina muka yanke shawarar cewa tunda ba mu da iko a kan farashi, to mu kama abin da muke da iko a kansa, wato yadda kuɗin yake fita daga hannunmu.

Abin da muka fara yi shi ne rubutu, ba tare da mun hana kanmu komai ba tukuna. Na sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, muka yi alkawarin duk abin da ya fita, ko da naira 100 ce ta ruwan leda, sai an rubuta shi kafin a kwanta barci. Da wata ya cika muka baje littafin, sai muka ga manyan abubuwan da muke kuka da su, haya da kuɗin makaranta da buhun abinci, ba su ne suke ɓatar da mu ba, domin su mun san da zuwansu kuma mun san nauyinsu. Ɓarakar tana cikin ƙananan abubuwan da ba wanda ya yi niyyar sayensu da safe: balangun da ƙamshinsa ya tsayar da ni a bakin titi bayan magariba, lemo da kankana saboda mai baro ya ce ya sauke farashi, data da ake ƙarawa kafin ta wata ta ƙare, sabuwar caja alhali tsohuwar tana aiki, da kwanon roba da dillaliya ta shigo da shi gida. Kowanne shi kaɗai ba ya tayar da hankali, amma da muka tara su sai muka ga sun kusa kamo kuɗin cefanen mako biyu. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Littafin ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba, cewa mafi yawan wannan sayayya ta waya aka biya ta. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya koya wa kowa a garin nan karɓar taransifa, tun daga mai shayi har mai rake. A da, idan aljihu ya ƙare ciniki ya ƙare, mutum ya yi sallama ya wuce. Yanzu mai nama yana da lambar asusunsa a rubuce jikin kwali kusa da tukuba, kana cewa ba ka da tsaba zai nuna maka ita da wuƙar da ke hannunsa. Kuɗin da mutum ya ƙirga da yatsunsa ya miƙa yana jin fitarsa a jikinsa, wanda ya danna a waya kuwa lamba ce kawai ta ragu, sai ƙarshen wata ake jin zafinta. Ga kuma 'yan cire-ciren da ke biyo baya, na mai POS idan an je cirar kuɗi kaɗan-kaɗan, da harajin naira 50 da ke kan taransifar da ta kai naira 10,000.

Amma a ganina babban abin da ke sa Bakano ya sayi abin da bai shirya saye ba, kunya ce, ta fi kwaɗayi ƙarfi nesa. Abokin aiki zai shigo ofis da shadda ko huluna ko turare, ya ajiye a kan teburinka ya ce, "Malam, ɗauki kawai, in an yi albashi ka ba ni." Ba ka nema ba, ba ka bukata, amma mayar masa da kayan a gaban mutane yana da nauyi, sai ka karɓa, albashin da bai zo ba ya riga ya samu mai jiransa. A cikin gida ma haka abin yake, sai dai ya fi yawa, domin 'yar uwa ko ƙawa tana tallar atamfa da mayafi a WhatsApp, ta turo hoto ta ce an ajiye miki ɗaya, ga kuma anko da ake fitarwa kusan kowane biki, wani lokaci kala biyu ko uku, na kamu daban na wuni daban. Wanda ya ce waɗannan duk sakarci ne bai san zaman Kano ba. Mutane suna saye ne don kada a ce sun ƙi ɗan uwa, kuma wannan dalili ne mai daraja, sai dai idan ba a yi masa iyaka ba gidan ne zai biya da abincinsa.

Tsarin da muka tsaya a kansa ba shi da wani wuya. Ranar da albashi ya shigo, kafin a taɓa komai, muna zama mu raba shi. Kuɗin cefane na wata ina cire shi tsaba gaba ɗaya, a kasa shi mako-mako a cikin ambulan, a damƙa wa uwargida, kuma da zarar ya shiga hannunta ba na sake cewa a ara mini. Kuɗin mota da 'yan bukatuna na kaina su ma tsaba nake riƙewa, idan sun ƙare kafin mako ya ƙare sai na haƙura. Abin da aka ware don haya da makaranta yana tafiya wani asusu daban wanda ba ni da manhajarsa a waya, katinsa kuma yana gida a ajiye, ta yadda kafin in taɓa shi sai na tashi takanas na je. Wannan 'yar wahalar ita ce amfaninsa. Sai kuma ƙa'ida guda da ta fi kowace yi mana aiki: duk abin da ba a rubuta shi ba tun farkon wata, kuma ba magani ba ne, ba a saye a ranar da aka gan shi, sai ya kwana. Mafi yawan abin da ya kwana, da gari ya waye ba wanda yake sake tuna shi. Wanda aka tuna kuma aka ga da gaske ana bukatarsa, sai a rubuta shi a lissafin wata mai zuwa.

Batun abinci kuwa Kano ta yi wa mai tanadi gata, in dai ya san lokacin kowane abu. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, farashin hatsi yakan sauko a kasuwar Dawanau, a nan muke haɗa kuɗi da ƙanena da wani maƙwabci mu sayi masara da gero da wake a buhu, mu raba kuɗin motar da za ta kawo, domin idan mutum ɗaya zai ɗauki mota tun daga hanyar Katsina saboda buhu guda, ribar ta tafi a hanya. Wake muna zuba shi a jarka mai murfi a toshe sosai don kada ƙwari su shiga. Taliya da sukari da man gyaɗa da sabulu a kasuwar Singa muke sarinsu da katan. Tumatir da tattasai da attaruhu suna araha da sanyi, lokacin da kayan noman rani na su Kura da Kadawa suka cika kasuwar 'Yankaba, sai a sayi kwando a yanka a shanya, kauɗar ta ɗauke mu zuwa damina, sa'adda ɗanyen tumatir yake gagarar talaka.

Sari yana da nasa tarkon, kuma uwargida ce ta gano shi. Ta ce mini, "Malam, idan buhu yana buɗe a tsakar gida hannu ba ya auna abin da yake ɗiba." Gaskiyarta ce, domin shinkafar da ya kamata ta yi wata biyu tana iya ƙarewa da wuri idan kowa yana ganin akwai. Don haka buhunan suna ɗaki a rufe, kowace Juma'a ta auno na mako da kwano ta fito da shi, a ciki har da ɗan abin da za a miƙa wa maƙwabta da almajirai, saboda shi ma mun sa shi a lissafi. Haka kuma shiga kasuwa irin Singa ko Sabon Gari ba tare da takarda a hannu ba, kai kanka ne ka kai wa 'yan kasuwa. Ina rubuta abin da zan saya, in riƙe daidai kuɗinsa da ɗan ƙari saboda canjin farashi, in gama in fito.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne zumunci. Shawarwarin tattalin kuɗi da ake yaɗawa a intanet yawancinsu an gina su ne a kan gidan da ba ya ɗauke da kowa sai mai shi da 'ya'yansa, mu kuwa babu watan da zai wuce babu suna ko ɗaurin aure ko dubiya ko ta'aziyya, kuma wanda ya yi maka gudunmawa ranar bikinka yana da haƙƙi a kanka ranar nasa. Kasafin da ya yi kamar bai san da wannan ba ba zai kai tsakiyar wata ba. Saboda haka muka ba zumunci gurbinsa, da adadinsa sananne, daidai da yadda muka ba gas da wutar lantarki. Abin da nake kai wa Hajiya mahaifiyata ba ya cikin wannan gurbi ma, shi yana sahun farko tare da abincin gida, ba a rage shi don wani abu. Abin da ya canza shi ne yanzu muna zaɓa da idonmu a buɗe. Idan bukukuwa sun haɗu a wata ɗaya, na jini shi ake yi wa anko, sauran a je da kayan da ake da su a kai gudunmawa daidai ƙarfi. Mun kuma lura cewa zuwa da ƙafa da zama a yi hidima tare yana wanke mutum fiye da yadda muke zato, ba banza aka ce zumunta a ƙafa take ba.

Koyon cewa a'a shi ya fi komai nauyi a bakina. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne faɗar gaskiya a taƙaice, ba tare da ƙirƙiro uzuri ba: "Wallahi kayan sun yi kyau, amma ba sa cikin lissafina na wannan watan, Allah ya kawo kasuwa." Wasu sun ɗan ja baya da farko, amma mafi yawansu su ma magidanta ne, abin da ke damuna shi ke damunsu, har wani ya tambaye ni yadda muke raba namu albashin. Ban yarda wannan rowa ba ce. Malamanmu suna yawan karanta mana aya ta 67 a Suratul Furƙan, wadda ta siffanta bayin Allah da cewa idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsayawa a tsakani. Tsayawa a tsakani kuwa ba ta yiwuwa ga wanda bai san nawa ya shigo ba, nawa ya fita.

Bukatun da ke zuwa sau ɗaya ko sau uku a shekara su ne suke jefa mutane cikin bashi, alhali babu wanda bai san ranar zuwansu ba. Haya muna kasa ta gida goma sha biyu, kowane wata a cire kaso ɗaya. Kuɗin makaranta uwargida ta ɗauke mana wani ɓangare da adashin da suke yi da matan unguwa, ta roƙi a sa kwasarta ta faɗo dab da komawa sabon zangon karatu na Satumba, wanda ya fi nauyi saboda littattafai da sababbin kayan makaranta. Kayan sallar yara kuma tun kafin azumi muke shiga Kantin Kwari mu saya mu kai wa tela, domin a goman ƙarshe kaya sun yi tsada, telan ma ya ƙara kuɗin ɗinki, mutum kuma yana cikin gaggawar da ke sa a biya ko nawa aka ce. A lokacin da naira take zubewa, abin da muka tabbatar za mu bukata nan gaba mun fi son mu ajiye shi kaya, ba kuɗi ba. Manhajojin nan da ke ba da bashi cikin minti biyar kuwa mun haramta wa kanmu su, saboda kuɗin ruwan da ke kansu da kuma tozarcin da ake yi wa wanda ya makara biya.

Yara ma sun shigo ciki. Kuɗin tara da ake ba su kullum an mayar da shi na mako ga manyan, kowa ya san idan ya cinye nasa ranar Litinin ba za a ƙara masa ba, ƙaramar kuma an saya mata asusun ƙasa.

Wurin da tsarin yake yawan girgiza shi ne rashin lafiya. Zazzabin cizon sauro da damina ba ya sallama, kuma gwaji da magani na yaro ɗaya suna iya cinye abin da aka daɗe ana tarawa. Mun buɗe masa nasa gurbin, muna zuba abin da ya samu, ko da kaɗan ne, idan an taɓa shi kuma shi ake fara cikewa kafin a koma kan sutura ko gyaran gida. Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya, wani lokaci ya hau, wani lokaci hatsi ya sauko kamar yadda yakan yi bayan girbi, don haka adadin da muka rubuta wa cefane ba dauwamamme ba ne. Duk ƙarshen wata muna ɗauko littafin mu duba gurbin da ya gaza da wanda ya yi saura, mu gyara na wata mai kamawa kafin albashi ya shigo.