Mu Masu Kai Sauti Ƙofar Mata

Sana'ata hayar kayan sauti ce: lasifika, makirfo, miksa (na'urar saita sauti) da janareto. Ni da yarana shida muke aikin, kuma rabin abincinmu daga Ƙofar Mata yake fitowa. Duk Bakano ya san wurin. Ga filin wasa na Sani Abacha, ga rufaffen ɗakin wasanni da mutane ke ce wa Indo, ga Filin Idi, ga tsohuwar marina, duk a yanki ɗaya. In ba ƙwallo ba to taro, in ba taro ba to wa'azi ko bikin yaye ɗalibai.

Mai taro yakan ɗauka cewa lasifika lasifika ce, a jera su kawai a kunna. Ba haka abin yake ba, domin kowane wuri da halinsa.

Babban filin yana ɗaukar mutum kusan 16,000. A nan aka buga wasu wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, kuma nan ne gidan Kano Pillars. Fili ne buɗaɗɗe, sama ce rufinsa, don haka iska ke cinye murya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In ka ajiye lasifika kusa da mai magana, ka ajiye wata can nesa, ka sake su lokaci guda, wanda ke zaune kusa da ta nesan zai ji kalma ɗaya sau biyu. Dole ka ɗan jinkirta ta nesan har muryar farko ta iso ta. Na daɗe ina wahala kafin wani dattijo da ya yi aikin rediyo ya zaunar da ni ya fahimtar da ni wannan, Allah ya saka masa da alheri. Su kuwa magoya bayan Pillars, in suka ɗauki "Sai Masu Gida", babu kayan da za su yi gogayya da su. Sai dai ka jira su lafa.

Indo kuma matsalarsa akasin haka ce. An gina shi ne don wasanni irin su ƙwallon kwando, ba don jawabi ba. Bango da rufi suna dawo maka da kowace kalma. Sabon shiga in ya ji amsa-kuwwa sai ya ƙara ƙara, abin ya ƙara cakuɗewa. Mu ragewa muke yi, mu karkatar da lasifikun su kalli jama'a, kada su kalli bango. Kuma gwajin da ka yi da safe ɗaki wayam ba shi ne na la'asar ba, saboda jikin mutane da manyan riguna suna shanye amon. Shi ya sa ba na barin miksa a hannun yaro sai ɗakin ya cika na sake saiti da kaina.

Hunturu ƙura, damina ruwa. Leda da buroshi ba sa barin motarmu.

Abin da ya fi yi mini ciwo a sana'ar nan shi ne yadda ake tuna mu a ƙarshe. An kama wuri, an buga kati, an yi odar abinci, sai ana gobe taro a kira ka. Wani mai taro ya taɓa hana ni kawo janareto na biyu, wai tsada. Malami yana tsakiyar addu'a injin ya tsaya, jama'a kuwa duk ni suka juyo suna kallo. Tun ranar ban sake karɓar babban aiki da inji ɗaya ba, ko da zan rasa cinikin.

Ranar aiki bayan sallar asuba muke shiga, mu ja wayoyi ta gefe inda ƙafa ba za ta taka ba, mu manne su da salatif. In an watse, masu gyaɗa da ruwan leda sun tafi, mu da masu shara muke saura, muna naɗe waya muna ƙirga makirfo da hasken tocila.