Godiyarmu ga mutanen unguwa da duk wanda ya tsaya mana a kullen korona

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin mahaifinmu da Inna da yayyena da ƙannena, ina miƙa godiya ga 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki na nan Tudun Wadar Zariya da na nesa, bisa yadda kuka tsaya mana a rashin lafiyar Baba. Alhamdu lillahi ya dawo gida, yana cin abinci, yana takawa har ƙofar gida. Shekaranjiya ma har faɗa ya yi wa jikoki don sun murɗa masa rediyo, Inna ta ce to lallai sauƙi ya samu. Shi ya sa ni in rubuta wannan, ya kuma ja mini kunne kada in kama sunan kowa, wai wanda ya yi don Allah ba ya son a yi shela da shi. Don haka kowa zai gane kansa.

Yawancinku kun san ni da aikin da na ɗora wa kaina a wannan annoba. Ni malamin lissafi ne a makarantar kuɗi. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 aiki ya tsaya, albashi ya bi bayansa. Garin ma kansa ya yi tsit, don ga kulle ga yajin aikin malaman jami'a, Samaru da Kongo duk ɗalibai sun watse. Sai na ɗauko wani tsohon littafin da nake rubuta makin jarrabawa, na ja layi uku: waɗanda suka kamu, waɗanda aka sallama, waɗanda suka rasu. A lokacin hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ba ta cika fitar da alƙalumanta ba sai dare ya yi nisa, wani lokaci dab da sha biyu. Haka zan zauna a tsakar gida da waya a hannu, ina lallaɓa ɗan cajin da ya rage, in sun fito in kwafe na Legas da Abuja da Kano da namu na Kaduna, in tura a zauren WhatsApp na layinmu. Samari suka laƙaba mini Malam NCDC. Dattawan da ba su da babbar waya kuwa, da safe sai su aiko yaro ya leƙo zaure ya ce, "Wai in ji Baba, nawa ne na jiya?"

Da farko abin kamar labarin wata ƙasa. An ce wani ɗan Italiya ne ya shigo da ita Legas, aka tabbatar ranar 27 ga Fabrairu. Har ƙarshen Maris duk Najeriya ba a kai mutum 200 ba. Ko da aka sa mana dokar hana fita ranar 26 ga Maris, bayan kwana biyu Gwamna Nasir El-Rufai ya fito ya ce shi ma ya kamu, a majalisar mai shayi cewa aka yi ai cutar manya ce, ta masu hawa jirgi. Rasuwar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu ma ƙara wa masu wannan magana ƙarfi ta yi. Jikin mutane bai fara sanyi ba sai da labarin yawan jana'iza ya riƙa zuwa daga Kano a ƙarshen Afrilu. Wane Bazazzagi ne ba shi da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Kano? A watan nan adadin ya doshi 2,000, kafin Mayu ta ƙare ya haura 10,000. Na Kaduna ya yi tsalle lokacin da aka gwada almajiran da aka dawo da su daga Kano, yaran da aka yi ta lodawa a mota daga wannan jiha zuwa waccan. Namu almajirin da ke yi wa Inna aike shi ma an kwashe su, har yau kwanonsa na nan a rataye a zaure.

Na sha gaya wa 'yan zaure cewa lambar da nake turowa ta waɗanda aka gwada ce kawai. Wanda ya yi zazzaɓinsa a ɗaki ya warke, ko ya cika aka kai shi makwanci ba a ɗauki samfurinsa ba, ba ya cikin lissafi. Sakamakon yau kuma na samfurin da aka ɗauka kwanakin baya ne, saboda ɗakunan gwajin ba su da yawa. In ka ga Kaduna ba ta fito a jerin wani dare ba, ba lallai ne cutar ta huta ba. Wani dattijo ya ce mini, "To Malam, in lissafin bai cika ba, me ya sa kake hana kanka barci?" Gaskiyarsa. Sai dai mutumin da aka kulle a gida, ba kasuwa ba masallaci, yana son abin da zai riƙe ya ce yau an ƙaru ko an ragu.

Kullen kuwa kowa ya ɗanɗana, ba sai na tsawaita ba. Kwana biyu a mako ake sakinmu mu nemo abinci. Manyan kasuwanni irin ta Sabon Gari a rufe, an mayar da ciniki filayen makarantu, mudun masara yau da kuɗinsa gobe da wani. An hana achaba. Wanda aka kama yana yawo sai kotun tafi-da-gidanka. Ladan ya yi kiran salla ya ce a yi a gida. Ina cikin waɗanda suka goyi bayan dokar, har yanzu kuma ban canza ba, amma na ga magidanci ɗan ga-ruwa da birkila da mai faci sun wuni ba a ɗora tukunya a gidajensu ba. Kayan tallafin da muka yi ta ji a rediyo, a layinmu dai ko ƙullin gishiri ba mu gani ba. A haka azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, tafsiri a rediyo, asham a tsakar gida, Baba ne limaminmu.

A goman tsakiya ya fara zazzaɓi. Kowa ya ce na sauro ne, aka yi allurai, bai sauka ba. Wata rana da buɗa-baki Inna ta kaɗa miyar kuka da daddawa har maƙwabta na jin ƙamshi, ya ce shi bai ji komai ba. Ta ɗauko kwalbar turarensa ta Juma'a ta kanga masa a hanci, ya ce wa ya zuba masa ruwa a ciki. Muka yi dariya. Da aka tayar da asham, mutumin da ke jan dogayen surori ya kasa kai Fatiha ƙarshe sai da ya tsaya ya nemi numfashi, daga raka'a ta biyu ya zauna ya ce Yaya ya wuce gaba. Ga shi da ciwon suga.

Godiyarmu ta farko ga Anti nas ta bayan layinmu. Cikin daren nan ta zo da takunkumi da safar hannu, ta maƙala masa ɗan abin awon nan a yatsa, ta duba, ta ja ni zaure ta ce, "Malam, kai ne mai rubuta lamba kullum, ka san abin da nake tsoro. Kada ku ɓoye shi a ɗaki, ku kira." Da ta biye wa kunya irin tamu ta ce a ƙara kwana biyu a gani, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Muka kira. Ma'aikata suka zo cikin fararen kayan nan da ke rufe mutum ruf, suka zura masa tsinken auduga a hanci, mu ma aka yi mana, layi ya cika da 'yan kallo daga nesa. Da sakamako ya fito, nasa ne kaɗai ya nuna. Mota ta zo ta tafi da shi wurin killacewa, Inna na tsaye da butarsa da carbinsa, da ƙyar aka karɓi carbin.

Daren nan na zauna kamar kullum, alƙaluma suka fito, na rubuta na Kaduna a layin farko ina sane ɗaya daga ciki mahaifina ne. Na kasa turawa. Wani yaro ɗan aji shida da na taɓa koyarwa ya ga shiru, bai tambaye ni komai ba, ya nemo ya tura a madadina, ya kuma ci gaba da yi har Baba ya dawo. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarrabawar da aka ɗage muku.

Aka ce mu zauna a gida kwana 14, ba shiga ba fita. A nan muka ga abin da muka gani. An hana yara zuwa ƙofarmu, wannan daidai ne. An kira gidanmu gidan korona, an daina amsa sallamar ƙanena ta kan katanga, wannan kam ya yi mana ciwo. Baba ya ce in faɗa a fili ya yafe, mu ma mun yafe, tsoro ne ba ƙiyayya ba.

Amma Gwaggo ta gidan da muke katanga ɗaya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Kullum kafin a sha ruwa sai mu ji ta buga katanga da muciya, ta ɗaure kula da igiyar guga ta zuro mana: kunun tsamiya, ƙosai, wani lokaci ɗanwake, ranar da abin ya yi ƙarfi tuwo da miya kawai. Inna ta ce, "Yaya, ke ma fa kina da bakuna a gida." Ta ce, "Ku dai ku ci. Kular ma kada ku maido, ku wanke da ruwan zafi ku ajiye." Tana tsoron cutar kamar kowa, har hannu take wankewa bayan ta saki igiyar, muna jin ƙarar buta, amma ko rana ɗaya ba ta fasa ba. Daga baya wasu gidajen suka ji, su ma suka riƙa miƙa nasu ta hannunta.

Mai shagon bakin layi ya buɗe mana shafi a littafin bashinsa, yana ajiye sukari da sabulu da taliya a ƙofar zaure ya ƙwanƙwasa ya tafi. Na ce masa ta waya albashi fa babu ranar zuwansa, ya ce, "Malam, ka fi ni iya lissafi, amma wannan bar mini shi." Alhali shi ma kayan shagon ƙarewa suke. Cikin 'yan ga-ruwa mutum ɗaya ne bai guje mu ba, mu jera robobi a zaure mu koma ciki, ya juye ya tafi. Telan layinmu ya ɗinka mana takunkumi da ƙyallayen atamfa, har da ƙanana na yara. Iyayen ɗalibaina da tsofaffin ɗalibai sun turo kuɗi da kati, wasu ban ma san inda suka samo lambata ba.

Mai unguwa da Malam Liman, Allah ya ƙara girma. Da surutu ya yi yawa, Liman ya yi amfani da lasifikar masallaci bayan kiran salla, ya ce ciwo ba abin kunya ba ne, ya karanto hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa, ya ce mutanen gidan nan da suka kulle kansu sunna suke bi, a taimaka musu. Daga ranar maganganu suka ragu.

Ma'aikatan lafiya kuwa, Baba bai ga fuskar ko ɗaya ba, ido kawai yake gani ta bayan gilashi, da murya yake bambance su. Akwai wadda ke sa masa waya a caji, ta riƙe masa a kunne lokacin da robar iska ke hancinsa, don Inna ta ji muryarsa ko da kalma biyu ce. Akwai mai shara da ke tsayawa ya gaya masa an ga wata ko ba a gani ba. Akwai wanda ke kiranmu kowace safiya ya tambayi zafin jikin kowa a gidan, har ya haddace sunayen yara. Waɗannan mutane su ma a cikin azumi suke, cikin kayan da ko iska ba ta shiga, a zafin Mayu.

Sallah ta zo ranar 24 ga Mayu, ba idi, ba hawa, ba a ji tambari daga fada ba. Yayarmu da ke aure a Kano ta so zuwa, iyaka a rufe, sai kuka ta waya. Ranar nan kuloli suka yi ta saukowa ta katanga, waina da miyar taushe da tuwon shinkafa, har Inna ta rasa inda za ta jera su, ta zauna ta yi hawayenta.

Baba ya ce lallai in roƙa wa wani bawan Allah addu'a, wanda gadonsu ke kusa, suka yi kwanaki suna gaisawa da hannu daga kwance, wata safiya ya farka ya ga an naɗe katifar. Bai san ko sunan unguwarsu ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan duk waɗanda na rubuta a layi na uku na littafin nan, da waɗanda ba su shiga lissafin kowa ba, ya ba iyalansu haƙuri, musamman waɗanda ba su samu yin zaman makoki yadda aka saba ba.

Masu cewa babu korona har yanzu, ba zan yi musu da ku a nan ba. Baba ya ce duk mai shakka ya zo ya ji daga bakinsa, shi da ko asibiti ba ya yarda a kai shi. An sassauta kulle tun sanarwar 9 ga Yuni bayan kwana 75, an koma Juma'a, kasuwa ta fara motsi, amma lambar ba ta tsaya ba, Yuni ta ƙare an haura 25,000 a ƙasa. Na karɓi aikina daga hannun yaron nan, zan ci gaba da turowa.

Masu son zuwa dubiya, bismillah, amma bayan la'asar, a zaure, da takunkumi, kuma a yi mana haƙuri da musabaha tukuna, likita ya ce jikinsa bai gama murmurewa ba. Akwai buta da sabulu a bakin ƙofa. Sannan kuloli da kwanukan jama'a sun taru a ɗakin Inna, an wanke su tas, wasu mun kasa gane na wane gida ne. Don Allah a turo yara su duba, musamman mai shuɗiyar kula mai marfin da aka ɗaure da roba.

Wanda ban ambata ba ya yafe mini, Allah ya san da shi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya yaye mana wannan annoba. Wassalamu alaikum.