Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Yinin da na yi ina hangen Mindelo daga kan jirgi

A makon jiya na tsaya a inda muka ɗaga anga daga mashigin Hann a Dakar, mu uku: kyaftin, wato wani Bafaranshe da maigidana ya ɗauka ya tuƙa masa jirgin, da wani saurayi ɗan Senegal mai kula da inji, sai ni mai girki da jan igiya. Na so in ci gaba da labarin teku, amma wani abu ya faru a gida da ya sa zan fara da takardu.

Shekaranjiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya iske ni a zaure nan Mabera, da takardun makaranta a hannu. Sunan da ke katinsa na ɗan ƙasa ya bambanta da na takardar jarrabawarsa da harafi biyu. Ya ce, "Kawu, ai duk ɗaya ne, wa zai tsaya duba wanga?" Na shiga ɗaki na buɗe akwatin kwanona, na fito masa da wata takarda ninki huɗu wadda iskar gishiri ta mayar ja. Jerin sunayen mutanen jirginmu ne, an soke layi na uku da biro.

Kusan kwana huɗu muka yi a ruwa kafin mu hango duwatsun Kabo Berde, tsibirai goma a Tekun Atlantika yamma da Senegal, waɗanda suka samu 'yanci daga Fotugal a 1975. Tun kafin mu shiga tashar Mindelo, birni a ɗaya daga tsibiran, kyaftin ya miƙo min wani ƙyalle ruwan ɗorawa, ba rubutu ba zane, ya ce in ja shi sama ta hannun dama. Tutar nan magana ce da duk ma'aikatan tasha suka sani: mun fito daga wata ƙasa, lafiyarmu lau, muna neman izinin shiga. Muddin tana sama, ba mai taka ƙasa sai kyaftin shi kaɗai, shi ma ofis zai nufa ba kasuwa ba. Kuma ba kowane gaɓa ake zuwa a ɗaure jirgi ba, sai tashar da gwamnati ta ware don karɓar baƙi.

Akwai wata jakar roba mai zik da kyaftin yake ajiyewa ƙarƙashin teburin taswira. Tun a Dakar ya gaya mana cewa in jirgi zai nutse, bayan ruwan sha ita za a fara ɗauka. Ranar na ga abin da ke ciki. Ashe jirgi ma ɗan ƙasa ne kamar mutum. Takardar rajistarsa ita ce fasfonsa: sunansa, tsawonsa, nauyinsa, sunan mai shi da ƙasar da yake ɗaga tutarta, kuma ta asali ake so, ba fotokwafi ba. Da yake maigidana ba ya cikin tafiyar, sai da ya rubuta wasiƙar wakilci ya sa hannu, in ba haka ba da me kyaftin zai nuna cewa ba sato jirgin ya yi ba? Inshora kuwa ita ofishin matsayar ƙananan jirage ya fara tambaya kafin ya ba mu wurin ɗaurewa, don jirage ne jere kafaɗa da kafaɗa, in naka ya daki na maƙwabci dole a san mai biya. Lasisin tuƙinsa da na oba-oban jirgi suna can baya.

Wadda ya fi lallaɓawa ita ce takardar sallama daga Dakar, shaidar cewa mun fito ta ƙofa, da sanin hukuma, ba bashi ba laifi. Ni da na tashi ina ganin manyan motoci suna layi a Illela kafin su tsallaka Ƙonni, nan take na gane ta. Bambancin kawai, a teku ba shinge ba sanda, takardar ce kaɗai ke faɗin inda ka kwana.

Ni dai hankalina kwance yake. Fasfona na ECOWAS ne, kuma Kabo Berde tana cikin ƙungiyar, yarjejeniyar 1979 ta ba ni kwana 90 ba biza. Katina na rigakafin shawara ma yana nan. A lokacin shekara goma yake yi, sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai.

Bayan awa biyu kyaftin ya dawo fuska ba walwala. Fasfo biyu an buga musu hatimi, nawa ba a buga ba. Shi ya cika jerin sunayen da hannunsa, ya rubuta sunana yadda Faransawa ke rubutawa, "Ou" a inda muke sa "U", ya ƙara harafi a ƙarshe, sannan ya juya lambobi biyu na fasfona. A wurin ma'aikacin shige da fice, mutumin da ke cikin jerin daban, mai fasfon daban. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan. Kafin a sake rubutawa an tashi hutun rana.

Nan na zauna. Gadar katakon da muka ɗaure jirgin ba ta fi taku ɗaya daga ƙafata ba, ina jin ƙamshin burodi daga gari, ina ganin mata da kwandunan kifi a ka, amma ba halin sauka. Na duba kamfas ɗin jirgi na nemi gabas, na ɗan karkata arewa, na yi azahar a kan benen da ke lilo da ni. Abin da ya tsaya min a rai Inna ce. Ita a saninta ina Legas ina gadi. Da an riƙe ni a tsibirin nan, wa zai kai mata labari Sakkwato, kuma da wane suna za a neme ni?

Wajen ƙarfe huɗu aka ce in zo da kaina. Ma'aikacin ya ɗora sabon jerin kusa da fasfon, ya bi lambobin da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni ya dubi hoton, sannan ya buga. 'Yan sandan ruwa suka riƙe takardar rajistar jirgin, sai ranar tafiya za a karɓa. Muna dawowa na sauke tutar ruwan ɗorawa, na ja ta Kabo Berde a gurbinta. Kyaftin zai yaga tsohon jerin na ce ya bar min.

Ɗan ƙanwata ya daɗe yana kallon layin da aka soke, sannan ya ce, "To Kawu, ina ake zuwa a gyara?" Mun yi da shi ranar Litinin da sassafe zan raka shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda na yi azumin farko a Mindelo, da Bafulatanin Gini mai shago da ya fara kira na buɗa baki.