Daga Daura zuwa dausayin Baturiya

Mu 'yan Daura ruwan da muka saba gani bai wuce na rijiya da na dam ɗin Sabke ba, don haka da abokina ya ce mu je Jigawa kallon tsuntsaye, sai da na dara. Cikin hunturu muka tashi, muka bi ta Gumel, muka kwana Haɗeja, da asuba muka nufi Kirikasamma.

Baturiya yanki ne na dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja ke fantsama cikin fadamu. Tun 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayi. Wani dattijo ya ɗauke mu a kwalekwale. Ga kirinjijiya garke-garke suna feɗuwa, ga ɗinya, ga zalɓe tsaye kamar mai jiran bashi. Waɗansu ƙanana da ke kiwo a bakin ruwa baƙi ne: daga Turai suke tsallako Sahara, su yi sanyi a nan, su koma kafin damina. Mu kuwa a gida da yara sun gan su, sai danƙo.

Na ce, "Baba, mafarauta ne ke damun ku?"

Ya girgiza kai, ya nuna min kacala da sandar tuƙinsa. Ciyawar ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, har sai da muka juya muka sake hanya. A cikinta jan-baki ke kwana, su wayi gari a gonar shinkafa.

Asalin abin yana can Kano. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, duk a kan kogunan da ke zuba a kogin Haɗeja, ambaliyar da ke zuwa ta janye kowace shekara ta ragu, ruwa ya koma kwanciya wuri guda rani da damina, kuma abin da kacala ke so ke nan. Ma'aikatan gandun daji suna iya korar mai bindiga da mai sarar itace, amma sakin ruwa ba a hannunsu yake ba. Ni a ganina, duk wanda ke maganar kare Baturiya bai taɓo masu buɗe ƙofar Tiga ba, bai soma ba tukuna.

Kafin azahar muka fito, muka sayi bandar kifi ta tsaraba, muka kama hanyar Nguru.