Jinin Dodo a Kurmin Peru

Babu hanyar mota da ta haɗa birnin Ikitos da sauran ƙasar Peru. Ko dai ka bi kogi kwana da kwanaki, ko ka hau jirgin sama daga Lima, tafiyar kusan awa 2. Ni dai ba na shiri da ruwa, sai na bi ta sama. Ina saukowa zafi mai danshi ya rufe ni kamar an yafa mini jiƙaƙƙen bargo, ga ƙarar babura masu ƙafa uku ta cika gari.

Wani jan ƙaro ne ya kawo ni. Na daɗe ina ganin sunansa a jikin kwalaben man shafawa masu tsada, ana ta kururuta shi wai yana mayar da tsohuwa yarinya. A nan sunansa sangre de grado, wato jinin dodo, bishiyarsa kuwa masana na kiranta Croton lechleri.

A kasuwar Belen, cikin wani lungu da ake kira Pasaje Paquito inda masu maganin gargajiya suke, wata dattijuwa ta hango yadda sauro ya yi mini kaca-kaca da hannu. Ba ta jira na tambaya ba, ta kama hannun ta ɗiga mini ɗigo biyu, ja wur. Ta yi mini nuni in murza. Ina murzawa jan ya fara dusashewa, ya koma farar kumfa mai laushi, can ya bushe ya zama kamar siririyar fata a kan tawa. Ƙaiƙayin ya lafa. Ta ce da haka ake gane na gaske: wanda ya ƙi yin kumfa, an yi masa algus. A wurin mutanen nan, maganin rauni ne da cizon ƙwari da ciwon dasashi. Zancen tamojin fuska kuwa dariya ya ba ta, ni ma har yau ban gamsu da shi ba.

Amma ba tatsuniya ba ce. Akwai sinadarin taspine a cikinsa mai taimaka wa rauni ya haɗe, kuma a 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin gudawa mai suna crofelemer da aka samo daga wannan ƙaro, don masu ɗauke da cutar ƙanjamau.

Washegari da asuba muka hau kwale-kwale mai inji a kogin Nanay, sannan muka taka cikin laka. Bishiyar ba ta da wani kwarjini: jiki fari-fari, faffaɗan ganye mai siffar zuciya. Ɗan rakiyata ya tsaga ɓawon da adda, nan take ja ya tsattsafo yana gangarowa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗanɗana, baurinsa ya ɗaure mini harshe.

Gaba kaɗan muka tarar da kututture uku. Ashe ba ta jure tatsa a kai a kai kamar bishiyar roba, shi ya sa mai son cika jarka yakan kayar da ita, ya tsattsage ta ya tare ruwan gaba ɗaya. Ɗan rakiyar ya nuna mini 'yan ƙananan da suka tsiro a filin, ya ce tana da saurin girma. Na tsuguna ina duba su, kwalbar da na saya jiya tana tokarina a aljihu.