Shekara ta biyu da sassabin zamani a gonar Baba

Assalamu alaikum, abokan koyo. Tun bayan girbi ba ku ji daga gare ni ba, to ga inda aka kwana.

Sassabin zamani shi ne barin kututturen itatuwa su sake tsiro a gona, ana rage musu rassa maimakon a sassabe su duka. Bara na bar kututture talatin da ɗaya a gonar. Yawancinsu sabara ne da kalgo, sai gawo huɗu da wata magarya da ban ma san tana nan ba. A kowane kututture na zaɓi tsiro uku zuwa biyar da suka fi miƙewa, na sare sauran, na kuma rage ƙananan rassa har wajen rabin tsayi. Kuskurena na farko shi ne addar da na ɗauka. Dakusasshiya ce, kuma ina sara daga sama zuwa ƙasa, sai ɓawo ya riƙa yagewa, wasu suka bushe. Wani dattijon unguwarmu da ya daɗe yana ci-rani a wajen Maradi ya tarar da ni, ya yi dariya ya ce, "Yaro, wasa ƙarfenka, kuma daga ƙasa ake sara sama." Tun daga ranar ban sake yaga ko ɗaya ba.

A can Maradin aka raya wannan dabara. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara saiwar tsofaffin itatuwa ce mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 da suka sake yin kore a Nijar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba a sayen komai. Babu kuɗin dashe, babu ban ruwa.

Baba dai har yanzu bai gama yarda ba. Ya ce inuwa za ta danne gero, tsuntsaye kuma za su sami masauki. A kan gawo na ci gardamar, domin da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore, kuma kowa ya san yadda gero ke yi a gindinsa. Maganar tsuntsaye kuwa, gaskiya ban da amsa.

Babbar wahalar ba a sara take ba. Da aka kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, awaki suka far wa gawon nan, biyu suka koma kamar sanda. Sauran biyun na kewaye su da ƙayar magarya, sun tsira. Sai kuma masu neman itace: kalgo shida aka sare mini a dare ɗaya, tun daga gindi. Na yi fushi, amma na san mai yankan ba shi da abin hura wuta ne. Yanzu in na yi sassabe nakan tara rassan a bakin hanya, mai so ya ɗauka, kuma sarar ta ragu.

A gida ma an fara gani. Inna ba ta sayi itacen girki ba kusan wata biyu, kuma iskar bazara ba ta binne shuka da yashi kamar da ba a ɓangaren sabara.

Kafin ruwa ya sauka zan sake zagayawa in rage tsiron da suka yi yawa. Wanda ya taɓa ɗaure tsiron kalgo wuri ɗaya don su miƙe, ya faɗa mini da me ya ɗaure, igiyata tana cin ɓawo.